Shanun da Suka San Murya Ɗaya

A tashar jirgin Minna, Mika'ilu maƙeri yana ta yi wa wani tsohon Bafulatani surutu.

"Kulle maƙerar na yi, Baba. Ko ɗana ba ya taɓa min guduma."

"Ni ma haka na yi da shanuna. Ban taɓa barin 'ya'yana su kira su ba, muryata kaɗai suka sani."

"Ai haka ya kamata!"

"Ranar da za mu ƙetare kogi a Wushishi, zazzaɓi ya kwantar da ni. Babban ɗana ya shiga gaba yana kira, suka ƙi binsa, ruwa ya kwashe su."

Mika'ilu ya matso kusa da shi.

"Shi ɗan naka fa?"

Tsohon ya shafa sandar hannunsa.

"Sandarsa ce wannan."