Kwalbar da Inna Ke Cikawa

Buhun wake na sayar ran kasuwar Bukkuyum, shi ne kuɗin motata zuwa Ikko. Kai Sanusi, aje wayar nan, zancen uwarka nika yi! Lokacin ta haife ka, jini ya tsiyaye mata, in ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Na bar ta hannun Inna, kakarka, raina ba daɗi.

Can na samu dako a wani kyamis. Mai shagon, Oga, masifaffe ne na ƙin ƙari. "Aboki, ka fasa, ka biya!" Ni ko in ce, "Oga, sunana Garba, kuma ban fasa ba tukuna." Su can kowa aboki ne, har wanda sunka tsana.

Kwalayen da nika ɗauka, wai tonik. Na ce ma Oga mi ne ne shi? Ya ce duk abin sha mai maido ƙarfin jiki haka Bature ke kiran shi, kuma asalin kalmar ta Girkawa ce, wai jan igiya har ta yi tsauri. Na ce ashe tsimi ne ya sa kwat! Amma zancen ya zauna mani, don mace na baro kamar igiyar da ta saki. Na ɗaure cikina, na sayi babbar kwalba, na ba direban Gummi ya kai gida. Oga ya ja mani kunne: cokali safe, cokali maraice.

Ashe na mance halin Inna. Kun dai san jiƙo wurinmu, a sha a ƙara ruwa.

Damina na matsowa na dawo, aljihu ba nauyi. Ina shiga gida, mi zani gani? Uwarka na daka, tana cilla taɓarya sama tana tafawa! Wallahi don daɗi sai da na zauna ƙasa.

Inna ta ɗauko kwalbar, cike fal, fari tas kamar ruwan rijiya.

"Garba, maganinka na da albarka. In ta sha sai in cika. Har maƙwabta sun samu."

"Inna, ban da shi, mi kika ba ta?"

"Ba komai. Kunun kanwa, kwaɗon zogale, wake, sai hanta ran kasuwa."

Na buɗe baki, na dubi uwarka, na rufe abina. Inna ta tsiyaya mani cokali, na shanye, na yamutsa fuska.

Na ce, "Kai, Inna, har yanzu da ƙarfinai!"