Hannun da Ba Ya Jin Wuta

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da ƴan'uwana na wannan majami'a ta Maraɗi. Ku yi haƙuri da ni, ban saba tsayuwa gaban jama'a ba sai a kasuwa, can ma tukwane nake talla. Sunana Larba, matar Nomau, daga Jiratawa. Maginiya ce ni tun ina ƙarama. Da yawa cikinku ruwan randata kuke sha a gida, har da masu cewa bakinta ya yi faɗi.

Na zo in ba ku labarin waɗannan hannuwa nawa, don ku san abin da Ubangiji ya yi da su.

Gidanmu Anna ne. Ba mu yi salla ba, ba mu san majami'a ba, iskokin kakanninmu muke bi. Mazanmu na noman gero da taba a fadama, mu mata muna gini. In kaka ta wuce, kowace mace ta kawo ɗanyun tukwanenta matoya, wato filin bayan gari inda muke toya su wuri ɗaya. A jera su, a rufe da kara da busasshen kashin shanu, a sa wuta. Uwar matoyarmu ita ce Inna Hajo, yayar mahaifiyata, wadda ta goya ni bayan uwata ta rasu.

Muna da al'ada. In wuta ta lafa, ba mai taɓa komai sai uwar matoya ta sa hannunta tsura ta ɗauko tukunyar farko da zafinta, ta ajiye gefe. Daga nan sauran mata su jawo nasu da sanda. Cewa ake yi iskar gidanmu ce ke zaɓar mace ɗaya ta ba ta gadon wuta, ta yadda zafi ba ya kama ta. Inna Hajo ta daɗe tana yi. Yatsunta duk sun gajarce, wasu ma babu farce, amma ba mai ganin wannan a matsayin ciwo. Rabon wuta ake ce masa, kuma girma ne.

Wata shekara ina cikin girki na kama kasko daga kan murhu na sauke. Sai da na ga matar ƙanen mijina ta zaro ido na gane hannu tsura na sa. Ban ji komai ba. Kafin yamma labari ya kai kunnen Inna. Ta zo ta kama hannuna ta jujjuya shi, ta yi guɗa, ta ce gado ya sauka a kan ɗiyarta. Aka yanka jan zakara. Toyi na gaba, ni na ɗauko tukunyar farko.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi ƙwarai. Matan da suka girme ni suka koma gaishe ni da rusunawa. Nomau ma tafiyarsa ta canza, kai ka ce shi ya ɗauko tukunyar. Bororo ya riƙa tashi a tafina yana fashewa, ina ɗaure shi da tsumma in ci gaba da aiki. Tunda ba zafi, me zai dame ni?

Lokacin cinikin gujiya ne, wato gyaɗa, gari ya cika da raƙuma da motocin kantunan Nasara, na kawo tuluna kasuwar Maraɗi. Wani mutum ya tsuguna yana ƙwanƙwasa tulu. Na miƙa masa wani, sai na ga ba tulun yake kallo ba, hannuna yake kallo. Malam Iliya ne, ga shi can zaune kusa da taga, mai ba da magani a likita, wato asibitin mishan na Tibiri. Kun san shi, Bagobiri ne, bai iya zagaye magana ba.

Ya tambaye ni abin da ya sami hannuna. Na ɗaga kai na gaya masa gadon gidanmu ne, wuta ba ta cin mu. Bai yi dariya ba. Ya ga wani tabo fari-fari a damtsena, ya tambayi tun yaushe yake nan. Sa'an nan ya tsinko ɗan guntun auduga a wurin mai sayarwa kusa da ni, ya ce in rufe ido, in na ji an taɓa ni in faɗa. Na rufe ido ina jira. Na gaji da jira na ce masa ya taɓa mana, ina da ciniki. Ya ce in buɗe. Audugar tana kan tafina, ya daɗe yana shafa ta.

"Baiwar Allah," ya ce, "wuta na cin ki, ke ce ba ki ji. Wagga kuturta ce, farkonta. Akwai magani yanzu. In kin zo da wuri, yatsunki su tsira."

Na zage shi. Ga shi nan, ya shaida. Na ce ya tashi daga gaban kayana. Ya sayi tulun duk da haka, ya gaya mini ranar da suke ba da magani, ya tafi.

A hanyar komawa Jiratawa maganar ta ƙi barina. Da na isa na tarar da Inna tana son ɗaure bakin zanenta, ta kasa, sai da ta haɗa da haƙori. Na sha ganin haka, amma ran nan ne na gani da gaske. Na dubi yatsuna. Maginiya da yatsu take cin abinci, da su take jan bakin tulu, da su take jin inda yumɓu ya yi kauri. Inna ta daɗe da barin gini, toyi kawai take tsayawa a kai. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na gaya wa Nomau. Ya ce gara a kira matarsa kuturwa da yatsu goma da a kira ta uwar matoya da dungu. Allah ya saka wa mutumin nan. Bai cika magana ba, amma ran nan ya yi ta inda ake bukata.

Inna kuwa ta hau. Ta ce mutanen Nasara ba su san komai ba sai ɓata gadon mutane. Na gaya mata zan je a duba ni, kuma ba zan ƙara sa hannu a wuta ba. Ta ce wadda ta mayar wa iska kyautarta ba ta da wuri a matoya, kada in ƙara kawo ko kasko. Kun san abin da wannan ke nufi. Tukunyar da ba a toya ba, ruwan farko ke mayar da ita laka.

Na tafi Tibiri da ƙafa, ta cikin Maraɗi, da ɗan garin gero a ƙulle. A likita wata Baturiya da Malam Iliya suka dudduba ni, suka wanke gyambon tafina, suka ba ni ƴan ƙwayoyi farare. Ba su karɓi komai ba. Na tambayi wanda ya biya, don ni ban yarda da kyautar da ba ta da mai ita ba, na riga na karɓi irinta sau ɗaya. Malam Iliya ya ce masu bi ne, wasu a ƙasashen da ba zan taɓa gani ba, wasu nan kusa, masu kawo damin gero bayan girbi. Suka ce maganin na daɗewa, ba na gaggawa ba ne. Suka kuma gaya mini gaskiya, cewa zai tsayar da ciwon, amma jin da ya tafi ba lalle ya dawo ba.

Matar Malam Iliya, Saratu, ta ba ni ɗaki a gidansu duk ranin nan. Ita ta koya mini duba hannuna kowace safiya kamar yadda ake duba jariri, ko ƙaya ta shiga, ko wani wuri ya yi ja. Da la'asar akwai karatu ƙarƙashin itacen bedi, mata da tsofaffi da masu jinya. Na ce ni da na iya gina randa mai tsawon mutum, ba ƴan ƙananan zane-zane za su gagare ni ba. Sun kusa gagarata! Alli yana faɗuwa daga hannuna ban sani ba, sai in ga ina ta rubutu da iska, mata na dariya. Amma na nace har na iya. Ranar da na haɗa baƙi da kaina na karanta labarin kuturun da Yesu ya miƙa hannu ya taɓa, na ajiye littafin na yi kuka. Ya taɓa shi, ƴan'uwa. Kuma mutumin ya ji.

Matan zumunta na Tibiri ba su bar ni zaune ba. Da suka ji an kore ni daga matoya, suka tara mini kara, suka share wani fili bayan likita. Wani maƙeri daga cikin masu bi ya ƙera mini doguwar ƙugiya ta ƙarfe mai ƙota, don in jawo tukwane daga nesa. Aka ce in gina randuna na lakwal, wato makarantar yara, da na ɗakin majinyata. Tulunan farko sun fito a karkace, don da ido nake gini ba da ji ba. Saratu ta ce ruwa bai san karkace ba, ta ɗauki ɗaya ta kai ɗakinta.

Gyambo ya warke, tabon ya fara dusashewa, amma hannun na nan kamar na aro. Kan ƙaramin yatsan nan kuwa ya riga ya tafi, ga shi ku gani. Wata ranar Lahadi mai wa'azi ya ce kowa ya roƙi Allah ya ɗauke masa zafin da ke damunsa. Kowa ya sunkuya. Ni ma na durƙusa, amma roƙona daban ne. Na ɗaga hannuwana na ce:

"Ya Yesu, kowa na roƙon ka ɗauke mishi zahi. Ni maido mini nawa. Ban son girman da ke cinye ni. Ka ba ni hannu irin na kowa, ni kuwa in bi ka da shi."

Ba abin da ya faru ran nan. Na tashi da hannuna yadda yake. Amma na ƙudura a raina ba zan fasa magani ba, ba zan fasa roƙo ba. Damina ta zo na koma gida, ina zuwa karɓar ƙwaya ko gulbi ya cika. Aka yi mini baftisma, daga baya Nomau ya biyo ni. Inna ba ta amsa gaisuwata, ni kuwa ban daina kai mata fura ba.

Kaka ta sake zagayowa, ta kuma zagayowa. Ranar wani toyi na ji mata na cewa Inna ba ta da ƙarfi, ƙafa ta hana ta jera kaya. Na tafi. Ban kai tukunya ko ɗaya ba, na ce hannu kawai na kawo. Ta kalle ni ta kau da kai, amma ba ta kore ni ba. Muka jera, muka rufe, aka sa wuta.

Ina tsaye gefe da safe wuta na lafawa, sai wani tulu ya fashe a ciki. Wani ɗan tsingaro ja wur ya yi tsalle ya faɗo a tafin hannuna na dama. Na ƙwalla ƙara, na yarfe hannu, na yi ta tsalle ina hura shi. Sai da na ga mata sun yi cirko-cirko suna kallona na gane abin da ya faru. Ya ƙone ni! Na ji shi har cikin kaina! Na zube a toka ina kuka ina dariya ina kiran sunan Yesu.

Wata ta ce iska ta bar ni ke nan. Inna ta daka mata tsawa. Ta jawo ƙafa ta zo inda nake, ta tsuguna, ta tallabo hannuna da dungunta biyu, ta riƙa hura mini kamar yadda take yi ina yarinya. Ta daɗe tana kallon wurin da ya yi ja.

"Da zahi, ɗiyata?"

"Da zahi, Inna."

"Ni na mance yadda yake," ta ce.

Ran nan da ƙugiyata aka jawo tukunyar farko, kuma Inna ce ta ce a je gidana a ɗauko ƙugiyar. Satin da ya biyo Nomau ya ɗora ta a jaki muka kai ta Tibiri. Yatsunta ba za su dawo ba, amma an ceci ƙafar. Har yanzu ba ta yarda da Yesu ba, tana cewa ita ta tsufa da sauya gida. Ina yi mata addu'a, kuma kun san ni da naci.

Ƴan'uwa, ga abin da ya tsayar da ni a gabanku. Ƙauyukan gulbin nan cike suke da mutane irina, masu tabo a jiki suna zaton wani abu ne daban. Mota ba ta kai gare su, su kuma ba za su zo da kansu ba. Ni na roƙi guntun auduga a likita, duk kasuwar ƙauyen da na kai tukwane ina tafe da shi a bakin zane, kuma ba zan daina ba ko za a zage ni yadda na zagi Malam Iliya. Amma wanda na turo dole ya sami abin ci da wurin kwana da mai koya masa karatu. An gama girbi. Mai dami ya kawo dami, mai kara ya kawo kara, mai ɗaki ya buɗe ɗaki. Damin wani ne ya ciyar da ni, har yau ban san sunansa ba.

Wanda kuma ya daɗe yana roƙo bai ga komai ba, kada ya saki. Ya ci gaba da shan maganinsa, ya ci gaba da dogara ga Ubangiji. Yana ji.

Ga tabon ƙunar nan a tafina, duk mai so ya zo ya gani bayan sujada. Ina da tabo da yawa a hannun nan, amma wannan kaɗai ne na san lokacin da ya same ni. Godiya da yabo su tabbata ga Allah cikin sunan Yesu. Amin.