Sulen Malam Maharazu da Makullin Gorton

Jawabin da Injiniya Falalu Isiyaku ya yi a taron tunawa da marigayi Malam Maharazu, a zauren 'yan Arewa da ke Gorton, Manchester.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Allah gafarta Malam, limaminmu, Allah ya ƙara lafiya. Ranka ya daɗe shugaban ƙungiyarmu, Dokta Gidaɗo. Fasto Gamaliel da jama'ar cocinsa, da kuka bar uzurinku kuka zo kuka zauna da mu, mun gode. Dattawan Manchester, da 'yan uwana na Birmingham da kuka cika motoci kuka taho tun safe. Sannan Hajiya Batulu, mai ɗakin marigayi, wadda muka jira ta fita takaba kafin mu kira wannan taro, da 'ya'yansa Abdulsalam da Kulu. Assalamu alaikum.

An ce in taƙaita, an kuma ja kunnena kada in ɓata wa kowa rai. Na farkon zan yi ƙoƙari. Na biyun kuwa, ku yi mini aikin gafara tun yanzu, domin raina a ɓace na taho.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Falalu na unguwar Ladywood a Birmingham. Ni Bazazzagi ne, shi Bakano, kun ga kenan abokin wasana ne tun kafin a haife mu. A cikin bas muka haɗu a Oxford Road, nan Manchester, ina ta mita da Hausa a kan tsadar kuɗin mota, sai na ji wani daga bayana ya ce, "Wannan ƙorafin sai Bazazzagi." Daga ranar bai sake kirana da sunana ba sai "bawana". Yau ga shi ina neman wanda zai kira ni haka, babu.

Ya kasance malamin tattalin arziki wanda ba ya barin ilminsa a aji. Ya kasance mutum mai gardama, wallahi mai gardama, wanda in ka ce masa ruwa ya yi sanyi sai ya tambaye ka da me ka auna. Ya kasance yana yawo da wani tsohon sule na azurfa a aljihun rigarsa, kuma kusan duk wanda ke ɗakin nan ya taɓa riƙe sulen nan, ko yana so ko ba ya so.

Sulen kakansa ne. Yakan ɗora maka shi a tafin hannu ya ce, "Kuɗin audugar kakana ne. A garinku Birmingham aka buga shi. Audugar kuma nan Manchester aka kawo ta, aka saƙa, aka mayar mana da ita yadi, muka saya da tsada. Mun sayar da arha, mun sayo da tsada, cikon kuma muka ci bashi. Da azurfa ta yi daraja sai suka janye ta, suka ba mu sulen da ba azurfa a cikinsa, suka ce duk ɗaya ne." Sai ya karɓe abinsa ya mayar aljihu ya ce, "Bawana, kullum mai ƙarfi ne ke zaɓar mudu."

Ba a littafi ya koyi wannan ba kawai. Yana saurayi ya yi aiki a ma'aikatar kuɗi a gida, a zamanin da aka fara ce mana mu tsuke bakin aljihu. Ya ga bashin da aka ciwo da dala yana kumbura alhali ba a ƙaro ko kwabo ba, don kawai naira ta faɗi. Yakan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya ci bashi da kuɗin da ba shi ke buga shi ba, kamar ya ari hatsi ne a wurin wanda zai sauya mudu ranar biya. Takaicin wannan ne ya sa ya tattara ya taho nan.

Sai ga tsuke bakin aljihun ya iso Ingila. Kansul, wato hukumar gari, ta rufe wurin wasan yara, ta rage wannan, ta soke wancan. Kwalejin da yake koyarwa ta sallame shi tare da wasu. Na buga masa waya in jajanta, sai na ji shi yana dariya. Ya ce, "Abin da ya koro ni daga gida ya biyo sawuna. Ashe abin da ya ci Doma ba ya barin Awe." Na ce to yanzu me za ka yi? Ya ce, "Zan sayi tukunya."

Ya kuwa saya. Da kuɗin sallamarsa ya kama hayar wannan ɗakin da muke zaune a ciki. Duk Asabar ana dafa shinkafa da miya a nan, ana ba kowa ledar kayan abinci, wanda mitar wutarsa ta ƙare a sa masa ɗan abin da ya samu. Madam Celestina, ga ta can kusa da ƙofa, ita ce kan tukunya tun ranar farko. Ba a tambayar mai shigowa addininsa ko ƙasarsa. Na ga Bature tsoho yana cin tuwo da cokali a kan wancan bencin. Na ga 'yar uwarmu, ba zan kama suna ba, da aka rage wa awoyin aiki, 'ya'yanta suna kwana da rigunan sanyi don ba halin kunna hita a ɗumama ɗaki.

Amma tukunya ba ta cika kanta. Shi ya sa ya zo gaban ƙungiya da magana ɗaya: mu haɗa zakkarmu wuri guda, Manchester da Birmingham, a riƙa sayen abincin mabuƙata da ita. Kowa ya ce madalla. Sai aka zo kan nisabi, wato iyakar dukiyar da in mutum ya mallaka ta shekara a hannunsa zakka ta hau kansa. In da zinariya aka auna, sai ajiyarka ta doshi fam dubu uku. In da azurfa ne, ko fam ɗari uku ba ta kai ba. Malam ya ce a auna da azurfa, don masu bayarwa su yi yawa. Mafi yawanmu muka ce a'a, a gida da zinariya ake lissafi, kuma haka muka taso muka gani.

Jama'a, a nan muka tsaya. Shekara da shekaru a nan muka tsaya!

Ni ba malamin addini ba ne. Amma Liman yana zaune, shi ne shaida. Tun zaman farko ya gaya mana duka maganganun biyu na malamai ne, wanda ya bi ko wanne bai yi laifi ba. To me ya rage? Sai muka kafa kwamiti. Kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Wannan watan a zauna a Manchester, wancan a Birmingham, a ci nama, a sha shayi, a kawo farashin zinariya na wannan makon a kwatanta da na makon jiya, a tashi. Asusun kuma ba a buɗe ba, wai sai an daidaita. Wasu ma suka riƙe zakkar tasu gaba ɗaya, in ka tambaya su ce ai muna jiran hukuncin kwamiti. Haba jama'a! Yunwa tana jiran kwamiti ne?

Ba zan manta zaman da aka yi a Ladywood ba. Wani ya miƙe ya ce, "Malam, ka san dai muna da mogej a kanmu, in aka cire bashin gida ai ba mu kai nisabi ba." Malam ya leƙa taga, ya dubi motocin da aka jera a waje. Sannan ya ce, "To na ji. Na bar muku zinariyar. Na janye maganata. Abin da za ku bayar ku kira shi sadaka, ku kira shi kyauta, ku kira shi duk abin da kuka ga dama, amma ku bayar." Mutumin da ban taɓa ganin ya sauka daga gardama ba, ranar ya sauka. Kun san amsar da muka ba shi? Muka ce ba za a yanke magana a tsaye ba, a mayar wa kwamiti ya duba janyewar.

A hanyarmu ta zuwa tasha bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. Sai da jirginsa ya iso ya ce, "Bawana, na yi shekaru ina zagin manyan ƙasashe don sun zaɓi mudun da ya yi musu daɗi. Ashe mu ma da muka samu dama haka muka yi." Wallahi maganar nan ta ci ni, kuma har yau tana cina.

Ya kasance mai faɗa, amma bai kasance mai fushi ya ajiye aiki ba. Ya kasance yana koyar da yara lissafi a gidajensu da yamma, abin da aka biya shi ya zuba a hayar ɗakin nan. Ya kasance yana ɗaukar buhun shinkafa a bas, mutum mai furfura, mai ciwon zuciya, mu kuma muna wuce shi da motocinmu muna ɗaga masa hannu. Haka yake har ciwon ya kwantar da shi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ku dubi gefen teburin nan. Kun ga abin da aka lulluɓe da farin ƙyalle? Allon karramawa ne, an rubuta sunansa a jiki, an shirya miƙa wa iyalinsa yau. Kuɗinsa a yini ɗaya muka haɗa, ba kwamiti, ba gardama. Kuma da ruwan zinariya aka yi shi. Ikon Allah! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙonmu azurfa, ya mutu mun saya masa zinariya. Na tambayi abin da aka kashe, aka faɗa mini, na ga zai biya hayar ɗakin nan har sanyi ya wuce. Ranka ya daɗe shugaba, na san da kyakkyawar niyya aka yi, kuma har da kuɗina a ciki. Amma wannan shi ake kira ihu bayan hari.

Hajiya Batulu, ki yi haƙuri. Kin ga abin da ba mu gani ba. Kin ga kuɗin sallamar da ya kamata ya zama madogararku ya koma shinkafa a cikin wasu, ba ki taɓa ɗaga murya ba. Abdulsalam, Kulu, tun da mahaifinku ya rasu ku da Madam Celestina kuke buɗe ƙofar nan duk Asabar, ba ku fasa ba. Ku yafe mana. Ku ne marayun, amma ku kuka riƙe mana amanar.

Jiya na je gaishe da Hajiya, na gaya mata zancen allon. Sai ta ce, "Alhaji Falalu, ka ce musu na gode, Allah ya saka. Amma ni ba allo ne damuwata ba." Ta shiga ɗaki ta fito da abu biyu. Ga su.

Wannan makullin ɗakin nan ne. Hayar da Malam ya biya za ta ƙare ƙarshen watan nan, kuma mai ginin ya ce in ba a sabunta ba zai ba wani mai sayar da katifu. Wannan kuma kun san shi, sulen ne. Ta ce, "Shi kaɗai ne abin da ya bari wanda ba a riga an ci ba. Ka sa shi a faranti, a ce Maharazu ne ya fara bayarwa."

To ga faranti, ga sule a ciki, ga makulli a gefensa. Mai bin zinariya ya sa, mai bin azurfa ya sa. Wanda ya ce bai kai nisabi ba, ya sa abin da ya sa a kuɗin allo, ai ranar ya kai. Kuma kada wani ya miƙe ya ce a kafa kwamiti, don wallahi yau ba zan iya jin kalmar nan ba.

Na gode wa shugabanni da suka ba ni dama, ko da yanzu suna nadama. Na gode wa matan da suka dafa abincin yau, da Fasto da jama'arsa, da duk wanda ya taso daga nesa.

Allah ka ji ƙan Malam Maharazu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka auna masa da mudun rahamarka, shi da bai taɓa tauye wa kowa mudu ba. Ka ba Hajiya Batulu da 'ya'yanta haƙuri, ka zama gatansu. Mu kuma ka shirye mu, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Ya Allah, in wata ya ƙare, Asabar ta zagayo, mai jin yunwa ya zo ya tura ƙofar nan, ka sa ya same ta a buɗe.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.