A Duba Wutsiya Kafin a Sare Ɓaure

Assalamu alaikum. Mai unguwa, shugaban wannan zama, Allah shi ja zamaninka. Liman, Allah shi gafarta Malam. Dattawan Gwashi, manoma da makiyaya, mata na bayan zana, da angona Sharu, jikan nan nawa da ke wasa gatari tun jiya, ina gaishe ku.

Na gode da kunka ba Nana tsohuwa fili, duk da aji huɗu na yi a firamare, na biyar talla ta cinye shi.

An tara mu ne kan ɓauren bakin rijiya. Sharu ya ce a sare shi, wai tsiryar da ke cikin kogonsa ce ta ƙare mashi dawa.

Na farko, jama'a, tsirya iri biyu ce a ƙasar nan. Akwai siririya mai doguwar wutsiya, koriya shar, baki ja kamar ta ci goro, namijin da zobe a wuya; su ne ke tahowa garke guda, da ihu, su sauka kan zangarniya. Akwai kuma guntuwa mai gajerar wutsiya, kai ruwan toka, ciki rawaya kamar kwaiduwa. Ita ce cikin ɓaure, daga ita sai mijinta. Ba ni rantsuwa cewa ba ta taɓa ɗanɗana dawa ba, amma baki biyu ba su cinye gona.

Na biyu, na tambayi mai ƙara. Na ce, "Angona, ɓarauniyar taka, wutsiyarta doguwa ce ko gajera?" Ya ce, "Kaka, ni dai kore na gani." Na ce, "Yaro, ai rama ma koriya ce, sai a kama ta?"

To ga roƙona: a ba ɓaure kwana bakwai. Sharu shi zauna gonarsa da hantsi, shi duba wutsiya. In gajera ce, ni zan riƙe mashi igiya ranar sara. In doguwa ce, shi rataya gwangwanaye da tsumma, yadda kakansa ke yi.

Kuma gaban Liman ba a ɓoye gaskiya: in anka sare shi, a wace inuwa zan zauna in yi gulmarku?

Allah shi cika rumbunanmu, shi ba ƙasarmu lafiya, shi buɗe wa Sharu ido, shi maida kowa gida lafiya.

Na gode.