Shayin da Ya Ninka Mini Kuɗin Inshora

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ɗan kasuwar gero ne daga Tarka. Banki ya ce ba zai ba ni rancen sayen mota ba sai na yi inshorar rai, masu inshora kuma suka tura ni Damagaram a auna lafiyata.

A tasha na haɗu da wani Buzu, tsohon abokina. Ya dafa shayi mai ɗaci, kun san ba a tashi sai an sha na uku. Daga nan na wuce wurin likita, ya ce jinina ya hau.

Da na koma ofis, ma'aikacin ya ninka mini kuɗin wata. Na ce, "Haba malam, shayi ne fa!" Ya ce, "Alhaji, koma a sake aunawa. In ya sauka, mu rage. In bai sauka ba, ko a wannan kuɗin ba za mu ɗauke ka ba."

Jama'a, in koma ne, ko in biya in yi shiru? Ko maiɗakina ban gaya wa ba. Tun ranar ban sake shan shayi ba, amma har yau kaina bai daina sarawa ba.