Masu Kallo a Bencin Baya

Sambo na zaune a tashar Tambuwal, rungume da talabijin ɗin gidan kallonsa na Kebbe, sai wani baƙo ya matso.

"Malam, lalacewa ya yi?"

"Lafiyarshi lau, saida shi za ni yi. Rediyo na faɗin rabin duniya na kallon ƙwallo, amma yanzu kowa ga wayarshi. Ni ɗai nika zama."

"Shi ya sa?"

"A'a. Duk sadda anka ci, sai in ji ihu bayana, alhali ba kowa bisa benci. Muryoyin waɗanda munka binne."

Baƙon ya dafa talabijin ɗin.

"Har da Nasiruddeen na Fakku?"

"Shi ka fara ihu."

"Ƙanena na. Kada ka kai shi kasuwa, ni zan saya."