Zane Uku a Bangon Madatsa

INJINIYA: Salamu alaikum, Kawu. Ina wuni?

KAWU: Wa alaikumus salam. A'a, Injiniya! Yau an tuna da mu. Ya aiki?

INJINIYA: Da godiya. Ya gwiwar?

KAWU: Tana nan tana mulkinta. Ya maiɗakinka da yaran? Ƙaramar ta fara tafiya?

INJINIYA: Har gudu. Ya su Inna?

KAWU: Ga ta nan tana harara ta, wai na cika ihu a waya. To ya madatsata? Shekara talatin ina buɗe ƙofar nan ina rufewa, na bar maka ita lafiya lau. Halo? Kana ji na?

INJINIYA: Ina ji, Kawu. Madatsa lafiya. Kifin ne.

KAWU: Wane kifi?

INJINIYA: Jan-wutsiya. Ka san ruwan da muke saki kwana goma duk shekara, don su shiga ciyawar bakin kogi su yi ƙwai. Na saki, sun shiga. Jiya da safe na rufe.

KAWU: Ka fara rufewa dai.

INJINIYA: Na rufe gaba ɗaya.

KAWU: A tashi ɗaya? Innalillahi! Kai, yaron nan!

INJINIYA: Kafin azahar ruwa ya janye daga ciyawa, ya bar su a taɓo. Yau masunta suka tattaro su a mace. Malamar nan mai binciken kifi ta jera su a kan buhu, ashirin da shida. Bara arba'in da ɗoriya ta ƙirga a kogin duka.

KAWU: Ƙwan fa?

INJINIYA: Tsuntsaye sun yi wasoso. Wallahi Kawu, da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, wa ya rufe? Na ce ni ne. Ta ci gaba da awo.

KAWU: Ai ba a rufe wa jan-wutsiya ƙofa haka! Kwana uku ake yi, kaɗan-kaɗan. Ta ji ruwa yana raguwa a bayanta, ta kwashi 'ya'yanta ta koma kogi. Wa ya ce ka datse?

INJINIYA: Littafinka.

KAWU: Me? Layin yana yankewa.

INJINIYA: Na ce littafinka na aiki! Shafi-shafi na bi shi. Kowace shekara da hannunka ka rubuta: rana ta goma sha ɗaya, an rufe.

KAWU: Wayyo, littafin nan...

INJINIYA: Halo? Kawu?

KAWU: Ina nan. Ƙarya na rubuta, ɗana.

INJINIYA: Ƙarya kuma?

KAWU: Kwana goma ofis ya yarda. Na taɓa roƙon manaja na lokacin ya ƙara uku, ya ce ruwan masu noman rani zan zubar saboda kifi. Sai na riƙa yin abina shiru, in rubuta musu abin da suke son gani. Ranar da na miƙa maka makullai na so in gaya maka, na ga manya a tsaye, na ce sai mun keɓe. Har yau ba mu keɓe ba.

INJINIYA: Kai ma ka kira ni sau biyu a watan jiya, ban ɗauka ba. Na ɗauka surutun gwiwa ne.

KAWU: Rabin maganar gwiwa ce. Kai, kaico! Ni da nake taƙama ni na raya kifin nan, ashe ni na haƙa masa rami da birona.

INJINIYA: Saura kaɗan, Kawu, shi ya sa na kira. Akwai wani kududdufi ƙasa da gada, ya yanke daga kogi. Malama ta ce manyan kifi sun kai goma a ciki, da 'ya'ya. Da zafin ranar nan ba zai kai gobe da yamma ba. Manaja ya ba ni izini in buɗe yau, ganin abin da ya faru. Amma in na saki da yawa, ruwa zai kwashe 'ya'yan.

KAWU: To tashi! Kana ɗakin ƙofa?

INJINIYA: Ina ciki, hannuna a kan sitiyarin buɗe ƙofa.

KAWU: Dubi bango, bayan sandar ƙofa. Akwai zane uku na jan fenti, ɗaya don kowace ranar rage ruwa. Ka juya har kan sandar ya kai zanen ƙasa, ka tsaya. Shekara shida na yi ina gwadawa kafin in samu wurin.

INJINIYA: Jan fenti...

KAWU: Ka gan su?

INJINIYA: Kawu, da manyan baƙi za su zo duba madatsa, na sa aka shafe ɗakin da farin fenti. Na zaci datti ne.

KAWU: Datti! Inna, kin ji ɗanki? To nemo wuƙa ka kankare, jan yana nan a ƙasa.

INJINIYA: Sai da aka goge bangon da sanfefa tukuna. Ni na tsaya a kansu, na ce kada su bar ko ɗigo.

KAWU: Allah Sarki. To bari in tuna. In na tsaya, zanen ƙasa yana daidai aljihun rigata. Ko maɓalli na biyu ne?

INJINIYA: Na fi ka tsawo, Kawu! Yi sauri, katina ya kusa ƙarewa. Taƙi nawa daga ƙasa?

KAWU: Ban taɓa aunawa ba, ɗana. Ido ne kawai. Tsaya in miƙe a jikin bango, Inna ta auna ni. Inna, kawo igiyar awon ɗinkinki! Wayyo gwiwa... riƙe nan, a'a, daga ƙasa za ki fara...

INJINIYA: Nawa ta ce? Kawu, nawa? Halo? Halo, Kawu!